Ibadar Da Ba Ta Kai Gida Ba: Amsa Ga Masu Cewa Katolika Ba Su Da Abin Koya Mana



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata ƙara ce da ta taso daga ɗaya daga cikin ƙananan ikkilisiyoyinmu na ƙauye. Ba za mu faɗi sunan wurin ba, gama ba tonon asiri muke nufi ba. An kira wani malamin Makarantar Lahadi gaban majalisar dattawa. Manomi ne mai iyali, shekararsa takwas yana koyar da matasa, ba a taɓa biyansa ko kwabo ba. Laifinsa shi ne an gan shi da wani littafi na Turanci wanda wani bishop na Katolika ya rubuta, ya kuma ɗauko misali daga ciki ya bayyana wa matasa da Hausa. Aka ce a dakatar da shi daga koyarwa har wata shida. Da maganar ta iso wurinmu, sai muka yi tambaya biyu. Wa ya karanta littafin cikin waɗanda suka kawo ƙarar? Babu ko ɗaya. Wace koyarwar ƙarya ce ya ba yaran? Aka yi shiru. Can sai wani ya ce, ai ɗariƙar wanda ya rubuta shi ma ta isa shaida.

Mu kuwa muna cewa ba ta isa ba. Manzo Bulus ya umarce mu a 1 Tasalonikawa 5:21 mu gwada kowane abu kafin mu riƙe mai kyau. Wanda ya yanke hukunci a kan littafin da bai buɗe ba, bai gwada kome ba. Mun karanta wannan littafi tun muna kwalejin tauhidi, mun sake karanta shi saboda wannan ƙara, kuma muna gaya muku a fili cewa a cikinsa akwai maganin wata cuta da take cin ikkilisiyoyinmu a yau. Cutar ita ce ibada mai ƙara a majami'a wadda ba ta bin mutum zuwa gida.

Wane ne wannan bishop?

Sunansa Faransis de Sales. An haife shi a 1567 a ƙasar Savoy, yankin duwatsu tsakanin Faransa da Italiya. Ɗan gidan sarauta ne. Ya yi karatu a Paris, ya karanci shari'a a Padua ta Italiya, mahaifinsa yana so ya zama babban mutum a fada, amma ya zaɓi aikin ikkilisiya, aka naɗa shi Fada a 1593. A 1602 ya zama Bishop na Jeneva. Bai zauna a Jeneva ba, domin birnin yana hannun mabiyan John Calvin, sai ya zauna a wani gari da ake kira Annecy. Ya rasu a Lyon a 1622.

Littafin da ake magana a kansa ya fito a 1609. Da Turanci ana kiransa Introduction to the Devout Life, wato gabatarwa ga rayuwar ibada. Asalinsa wasiƙu ne na shawara da ya riƙa rubuta wa wata matar aure, matar ɗan'uwansa, wadda take so ta bi Allah da gaske alhali tana da miji da 'ya'ya da hidimar gida. A zamanin nan yawancin littattafan ibada an rubuta su ne domin waɗanda suka bar duniya suka shiga gidajen sufaye. Shi kuwa ya rubuta nasa domin mutanen da suke cikin gari, cikin aure, cikin sana'a. Ya kasa shi kashi biyar: tsarkake zuciya daga zunubi, addu'a, halaye nagari, yaƙi da jaraba, da sabunta alkawari kowace shekara.

Inda muka rabu da shi

Ba za mu ɓoye muku kome ba. A cikin littafin akwai abubuwan da ba mu yarda da su ba, ba kuwa za mu yarda ba. Yana koyar da roƙon Maryamu da tsarkaka. Yana koyar da furta zunubi ga Fada domin samun gafara. Yana ɗaukan Mas a matsayin hadaya. Mu mun tsaya a kan cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, kamar yadda 1 Timoti 2:5 ta koya mana, hadayar Almasihu kuma an miƙa ta sau ɗaya ta isa har abada, bisa ga Ibraniyawa sura 10.

Akwai kuma tarihi. Daga 1594 wannan mutum ya yi shekaru a yankin Chablais yana ƙoƙarin komar da Furotesta zuwa Roma. Da mutane suka ƙi zuwa jin wa'azinsa, ya riƙa rubuta takardu yana tura su ta ƙarƙashin ƙofofi. A 1598 sarkin Savoy ya shigo da ƙarfin mulki, waɗanda suka ƙi komawa Katolika aka tilasta musu barin ƙasar. Wannan abin baƙin ciki ne, ba mu wanke kowa ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Jeneva ɗin nan ta Calvin aka ƙone Michael Servetus da wuta a 1553 saboda koyarwarsa. In zunubin zamanin mutum ya isa a rufe littafinsa, to sai mu fara kwashe rabin littattafan da suke ɗakin karatun makarantunmu na tauhidi.

Abin da ya gani, wanda muke gani a cikinmu

Tun a farkon littafin ya yi gargaɗi cewa kowa yakan zana ibada da kamannin abin da ransa yake so. Ya kawo mai azumi wanda ba zai jiƙa harshensa da ruwa ba, amma yana shan jinin maƙwabcinsa da tsegumi. Ya kawo mai yawan addu'a wanda da ya tashi daga durƙuso sai ya zazzaga wa mutanen gidansa baƙar magana. Ya kawo mai sadaka wanda ba ya iya yafewa, da mai yafe wa maƙiyansa wanda ba ya biyan bashi sai an kai shi gaban alƙali. Dukansu mutane suna ce da su masu ibada, shi kuwa ya ce ba haka ba ne.

'Yan'uwa, a Savoy ya rubuta wannan, shekara fiye da 400 da suka wuce, amma wa zai ce bai san waɗannan mutane ba? Mun san dattijon da ba ya fashin addu'ar dare, amma matarsa ba ta da bakin magana a gida, in ta tambayi kuɗin cefane sai ta ji abin da ya fi ƙarfinta. Mun san uwa a Zumuntar Mata wadda take gaba wajen azumin kwana uku, amma ita ce ta raba auren 'yar wata da bakinta. Mun san ɗan kasuwa mai ba da babban baiko ranar godiya, ana kiran sunansa a lasifika, alhali mudun da yake saye da shi dabam, wanda yake sayarwa da shi dabam. Mun kuma san fasto, ba mu cire kanmu ba, wanda yake yawo daga taro zuwa taro, 'ya'yansa sun girma ba su taɓa yin addu'a da shi su kaɗai ba. Mun daɗe muna yi wa rogo kallon kitse. Muna auna ruhaniya da ƙarfin murya da yawan kwanakin azumi, mun manta Ishaya sura 58, inda Allah ya ƙi azumin mutanen da suke zaluntar ma'aikatansu a ranar azumin.

Babbar koyarwar littafin ita ce, ibada ta gaskiya ba ta ɓata aikin da Allah ya ba mutum, gyara shi take yi. Ya kwatanta ta da ƙudan zuma da yake ɗaukan zaƙi daga fure ya bar furen lafiya. Ya ce ibadar basarake da ta mai sana'a, ta bara da ta matar aure da ta gwauruwa ba za su zama iri ɗaya ba, dole kowace ta dace da ƙarfin mutum da hakkin da yake wuyansa. Ya kira shi kuskure babba a ce ibada ba ta da wurin zama a barikin soja, ko a shagon mai sana'a, ko a ɗakin ma'aurata.

Ku dubi yadda wannan ya taɓa mu. Mace ta bar jariri da zazzaɓi ta tafi kwanan addu'a domin an ce wanda bai zo ba ba shi da bangaskiya. Ɗalibi ya bar karatu ana gobe jarrabawa, ya kwana yana ɗaure aljanun faɗuwa. Manomi ya bar gona a tsakiyar damina ya tafi taron mako guda, ciyawa ta cinye dawa, da rani ya zo yana roƙon ikkilisiya hatsi. Malamin makaranta yana gyangyaɗi a aji domin ya kwana a majami'a, albashinsa kuwa yana karɓa cikakke. Wa ya koya musu cewa Allah yana majami'a da dare amma ba ya gona da safe? Mu ne, shugabanni. Mu ne muke ƙirga kawuna a taro muna kai rahoto, ba mu taɓa ƙirga gidajen da salama ta shiga ba. Bulus ya faɗa a 1 Timoti 5:8 cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya ƙaryata bangaskiyarsa. Kolosiyawa sura 3 kuma ta sa aikin hannu na kowace rana cikin bautar Ubangiji. Bishop ɗin nan bai ƙirƙiro wannan ba, daga Littafinmu ya ɗauko.

Gishiri da sukari

Wani abin da muke bukata daga wurinsa shi ne darajar da ya ba ƙananan halaye. Ya ce sukari ya fi gishiri daɗi, amma gishiri aka fi bukata kowace rana. Damar yin babban abu domin Allah ba ta cika zuwa ba, amma damar haƙuri da tawali'u da sanyin baki tana zuwa kowace sa'a. Mu da muke zaune a wuraren da muke 'yan kaɗan, mukan yi maganar shirin mutuwa domin Almasihu, wasu daga cikinmu kuwa sun biya wannan farashi da jininsu, ba mu raina wannan ba. Amma yawancinmu abin da ake nema a gare mu yau shi ne mu jure wa surukar da take da wuyar zama, mu amsa gaisuwar wanda ya zage mu jiya, mu biya bashin taki a kan lokaci. Maƙwabtanmu waɗanda ba Kirista ba ba sa shigowa majami'a su ji wa'azinmu. Abin da suke ji shi ne muryar da take fitowa daga gidanmu ta kan katanga, abin da suke gani kuma shi ne mudunmu a kasuwa.

A kan harshe ya yi magana mai zafi. Ya ɗauki ɓata suna a matsayin wani irin kisan kai, ya ce mai tsegumi da sara ɗaya yake kashe uku: ransa, da ran mai sauraronsa, da mutuncin wanda ake magana a kansa. Ku gwada wannan da Yakubu sura 3, ku gaya mana inda ya kauce. Ikkilisiyoyi nawa ne a cikinmu suka tsage biyu ba domin koyarwa ba, ba domin tsanani ba, sai domin an ce wane ya ce? Magana zarar bunu ce, mun sani, amma mun mai da tsegumi roƙon addu'a, muna cewa a sa wance a addu'a, sa'an nan mu kwashe asirinta duka mu baza.

A kan azumi ma ya ja kunne. Ya tuna da Bal'amu a Littafin Ƙidaya sura 22, wanda ya riƙa dukan jakarsa alhali laifin nasa ne. Ya ce haka muke yi, zuciya ce take da girmankai da hassada, sai mu kama jiki muna horo. Ga mai aiki mai nauyi, ya ce aikin kansa yana iya zama horo in an yi shi domin Allah. Mun ga masu ciwon suga da masu gyambon ciki da mata masu shayarwa suna wahalar da kansu domin kada a ce ba su da ruhaniya. Wannan nauyi mu muka ɗora musu, ba Ubangiji ba.

Ya kuma koyar da abin da ba mu cika ji daga bagadinmu ba, wato mutum ya yi wa kansa sannu bayan ya faɗi. Ya lura cewa wasu sukan yi fushi, sa'an nan su yi fushi da kansu domin sun yi fushi, abin ya zama fushi a kan fushi, tushensa kuwa girmankai ne, domin mutum ya ɗauka ya fi ƙarfin faɗuwa. Shawararsa ita ce ka tuba da gaske, ka tashi a natse, ka dogara ga jinƙan Allah, ka ci gaba. Matasa nawa muka rasa domin sun faɗi sau ɗaya, kunya ta hana su dawowa, mu kuma muka tsaya musu a ƙofa da sanda?

Tsarin yini

Littafin bai tsaya a kan faɗa ba, ya ba da hanya. Da safe ka gode wa Allah, ka dubi abin da yake gabanka a yinin, wa za ka gamu da shi, ina jaraba take jiranka, ka yanke shawara tun kafin ka fita. Ka ɗauki lokaci ka yi bimbini, musamman a kan rayuwar Yesu da shan wuyarsa. Shi ya ba da shawarar sa'a guda, ya kuma hana a wuce haka ba tare da shawara ba. Kada ka tashi daga bimbini da jin daɗi kawai, ka tashi da ƙuduri ɗaya takamaimai, misali yau ba zan rama wa wane baƙar magana ba. Ka riƙe tunani ɗaya ko biyu ka yi ta juya su cikin yini, kamar wanda ya tsinko fure yana shinshinawa. A tsakiyar aiki ka riƙa ɗaga zuciya ga Allah da gajerun addu'o'i, ya ce waɗannan suna iya cike gurbi in hidima ta hana ka doguwar addu'a. Da dare ka binciki yininka, ka gode, ka tuba, ka kwanta. Mai fartanya zai iya wannan, mai tuƙa babur zai iya, uwar 'ya'ya biyar za ta iya. Ba ya bukatar janareta ko man shafewa ko kuɗin mota.

Amsa ga masu tsoro

Wasu za su ce Littafi Mai Tsarki ya ishe mu. Gaskiya ne, shi kaɗai ne ma'auni. Amma masu faɗin haka suna da littattafan masu wa'azin arziki na Legas da Amurka a ƙarƙashin matashinsu, suna kallon su a waya dare da rana, ba wanda ya kai su gaban majalisa. Wanda ya ce ka shuka kuɗi ka girbe mota an karɓe shi domin ba ya sa farar riga ta Fada, wanda ya ce ka biya bashinka ka tsare harshenka an kore shi domin yana sawa. Wannan ba tsaron koyarwa ba ne, ƙabilanci ne na ɗariƙa.

Wasu za su ce kakanninmu na bangaskiya ba su yi haka ba. Ku koma tarihi. Martin Luther sufi ne na ƙungiyar Agustin kafin 1517. Calvin ya sha kafa hujja da Agustin da Bernard na Clairvaux. John Wesley ya karanta littafin Thomas à Kempis a kan koyi da Almasihu a 1725, ya taɓa shi ƙwarai, har ya buga nasa bugun a 1735 domin mutanensa. John Newton, mai jigilar bayi wanda ya zama fasto da marubucin waƙoƙin sujada, wannan littafi ne yake karantawa a jirgin ruwa a 1748 kafin guguwar da ta juyo da shi ga Allah. Waɗannan mutane sun san sheƙar hatsi, suka ɗauki tsaba suka bar ƙaiƙayi. Ba wanda ya koma Roma a cikinsu.

Wasu za su ce yaranmu za su ruɗe. Abin da yake kwashe yaranmu yunwa ce. Sun zo neman yadda za su yi addu'a, yadda za su yi da fushi da sha'awa, mun ba su taro da gudummawar gini. Yaron da aka koya masa dalilin bangaskiyarsa, littafi ɗaya ba zai ɗauke shi ba.

Kada kuma mu manta inda muke zaune. Tun 1976 muna cikin ƙungiyar CAN tare da Katolika, har Akbishop John Onaiyekan ya shugabance ta daga 2007 zuwa 2010. A Uganda a 1886, a Namugongo, an ƙone samarin Katolika da na Angilika tare saboda sunan Yesu. A garuruwanmu ma, ran da wuta ta tashi ba a tambayi ɗariƙar kowa ba. Muna zuwa jana'izar juna, muna zama benci ɗaya in za a ga hukuma. Ashe sai wajen koyon haƙuri da addu'a ne za mu ce ba mu san su ba? Ku tuna yadda Ubangiji ya tsawata wa Yahaya a Markus sura 9, sa'ad da ya hana wani mutum aiki domin ba ya cikin ƙungiyarsu.

Abin da muke roƙo

Dattawa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna girmama kishinku, gama ku ne kuka riƙe waɗannan ikkilisiyoyi a lokacin da ba fasto ba albashi. Amma muna roƙo kada a ƙara hukunta kowa a kan littafin da majalisa ba ta karanta ba. In akwai shakka, a kawo wa fasto ko malamin makarantar Littafi Mai Tsarki, a zauna a nuna wa mutum ga tsaba ga ƙaiƙayi. Muna roƙo a duba yawan tarurrukanmu, a bar wa iyalai waɗansu darare su yi sujada a gida. Muna roƙo kuma, in za a zaɓi dattijo, a tambayi matarsa da maƙwabtansa da waɗanda suke binsa bashi, kada a tsaya ga jin addu'arsa kawai.

Shi wannan malami an janye maganar dakatar da shi, ya koma ajinsa. Misalin da ya jawo masa ƙara shi ne na gishiri da sukari. Ɗaya daga cikin dattawan da suka kawo ƙarar ya nemi a zauna a fassara masa babin da yake magana a kan harshe, mun kuwa yi alkawari za mu je.

Allah na salama ya tsarkake mu sarai, a majami'a da gida da gona da kasuwa, ya ba mu zuciyar da take karɓar gyara ko daga bakin wa ya fito. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya tabbata tare da ku duka. Amin.